Baba Ya Ce Ruwan Marka Ne

Na ga saƙonninku. Wasu sun ce na yi musu rowar labari, wata baiwar Allah ma ta rubuto cewa in dai ba zan auri Hamzan ba in taimaka mata da lambarsa. Ban ji haushi ba, ban kuma yi dariya ba. Kwanakin nan abu kan zo ya wuce ta gabana ne kawai, kamar mai kallon titi ta gilashin mota. Amma tunda na fara, bari in gaya muku abin da ya faru tun daga Asabar ɗin da Hamza ya zo gaida Baba.

Ga wadda yau ta fara karantawa, sunana Sumayya. Ni ce auta a gidan Malam Mamman da ke Nasarawa, nan Kaduna, bayan layin masu gyaran keke napep. Babana ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri, da ta rufe ya koma sayar da yadi. Bara, ana gab da azumi, ya faɗi a bakin famfo yana alwala. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, sannan wani abu ya bi su da ban taɓa sanin mutum na iya rasawa ba. Sunayen abubuwa.

Hankalinsa na nan daram. Ya san cokali, ya san abin da ake yi da shi, amma kalmar ta gudu ta bar shi. Sai ya zagaya ya kamo ta ta wata hanya.

"Ba ni shebur," in ji shi ranar da muka dawo daga asibiti. "Ƙarami. Na baki."

Mama har ta leƙa bayan ɗaki neman shebur. Ni ce na miƙa masa cokali, ya lumshe ido. Tun daga ranar na zama tafintan gidanmu. Fanka ita ce mai hajijiya. Ƙwayoyin maganinsa tsakuwa. Yayana Mustapha da ke aiki a Fatakwal, tsuntsun nan. Ƙanwarsa kuwa, Gwaggo Jamila, janareta yake ce mata. Da ta tambaye ni ma'ana, na ce wai tana kawo haske ne. Ta ji daɗi har ta ba ni turare. Ni da Baba mun san ƙarar yake nufi.

Ba wata baiwa ba ce da ni. Kafin ciwon nan Hausa nake koyarwa a wata makaranta a Barnawa, kuma darasin da na fi so shi ne adon harshe. Nakan ce wa ɗalibaina, in aka ce muku Audu zaki ne, kada ku yi saurin tafa masa. Ku fara tambaya, wane ɓangaren zakin aka ɗora wa Audu? Jarumtar ce, ko barcin rana, ko barin mace ta yi farauta shi ya zo ya ci? Yara su yi ta ƙyalƙyala dariya. Ban san ina koya wa kaina aikin da zai zaunar da ni a gida ba ne. Mama na fama da gwiwa, ba ta iya ɗaga shi. Na ajiye alli, na ɗauki tawul da roba.

Hamza ɗan unguwar Makera ne, haɗa wutar sola yake yi. A makarantarmu muka haɗu lokacin da suka zo aiki. Ba shi da surutu, ba ya cika turare, kullum akwai tabon waya a yatsunsa. An shirya manyansa za su zo bayan sallah, sai Baba ya faɗi, magana ta tsaya cak. Bai taɓa tayar da ita ba. Kowace Juma'a zai zo da ayaba da lemo, ya zauna a zaure, ya tambayi mai jiki, ya tafi. Shi ya haɗa mana 'yar solar da fankar Baba ke juyawa da ita ko an ɗauke wuta.

Sai ga saƙonsa wata safiya ina cikin wanke zanin gado.

"Assalamu alaikum. Kamfani sun buɗe reshe a Gombe, ni za su tura. Kawu ya ce ko dai su zo neman aure kafin in tafi, ko a sallame ni in san matsayina. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa. Amma ni ma ina son in sani."

Na karanta, na goge hannuna a zani, na sake karantawa. Na jira gabana ya faɗi. Bai faɗi ba. Na koma na ci gaba da wanki.

Da na gaya wa Mama, sai ta ce a kira Gwaggo. Gwaggo ta ce tunda mai gidan na da rai kuma yana cikin hankalinsa, ba wanda zai ba da izinin turo magabata sai shi. Na san ba haka ake yi ba, saurayi ba ya zama a gaban uban yarinya ana wannan magana. Amma ciwo ya riga ya sauya tsarin gidanmu. Aka ce Hamza ya zo Asabar, Baba ya gan shi ido da ido.

Ranar tun da hantsi na yi wa Baba aski, na sa masa farar jallabiya da hularsa zanna, na jingina shi da filo a kujerar da ke kusa da taga. Mama ta share ɗakin, ta sa turaren wuta don ya danne warin man zafi. Ita ta ciro mini atamfata mai ruwan zuma da mayafin da ya dace da ita. Na sa su kamar yadda ake sa wa 'yar tsana kaya. Na shafa hoda, na duba madubi, na ga wata yarinya mai rama a wuya tana kallona.

Gwaggo ta iso daga Tudun Wada cikin leshi ruwan goro, ɗaurin kanta ya kusa taɓo ƙofa, tun daga zaure muke jin muryarta tana faɗa da mai napep. Hamza ya zo bayan azahar. Shadda ce a jikinsa mai ruwan sararin samaniya, sabuwa, karin guga na nan a hannun rigar. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina wuni. Ya ƙarfin jiki?"

Baba ya ɗaga hannun hagu.

"Yaya," in ji Gwaggo da ƙarfi, kamar kunnensa ne ya shanye, "wannan shi ne Hamza, mai neman Sumayya. Yana roƙon izini ya turo manyansa. Me ka ce?"

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya kalli fuskarsa, ya kalli hannuwansa, ya kalli ledar ayabar da ya ajiye a gefe. Yawu ya taru a gefen bakinsa, na matsa na goge masa.

"Wannan," ya ce. Ya tsaya, leɓensa na rawa yana lalube. "Wannan ruwa ne."

Sannan ya ƙara:

"Ruwa. Na marka."

Ya jingina kansa, ya rufe ido, alamar ya gama.

Duk suka juyo gare ni. Gwaggo, Mama, har Hamza ya ɗan ɗago.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Kun ji abin da ya ce, Gwaggo."

"Kin san abin da nake tambaya. Me yake nufi?"

Na buɗe baki. Ni da nake gane tsakuwa, nake gane mai hajijiya tun kafin ya rufe baki, na tsaya ina kallon kafet. Marka dai kowa ya san ta, ruwan watan Agusta da ke wuni yana zuba ba ya ɗaukewa. Amma wane ɓangarenta Baba ya ɗora wa Hamza?

"Ban sani ba," na ce.

Hamza ya yi addu'ar samun sauƙi, ya miƙe, ya fita da baya da baya. Ban raka shi ba. Na ji tashin babur ɗinsa, na ji ya yi nisa.

Gwaggo ko zaman kujera ba ta gyara ba ta fara.

"To ai magana ta fito fili. Me marka take yi in ba ɓarna ba? Katanga ta rushe, shanya ta ƙi bushewa, sauro ya cika gari, kogi ya shigo wa mutane ɗaki. Kun manta shekarar da ruwa ya kwashe gidajen bakin gada? Yaya cewa yake yi yaron nan zai rushe masa gida. Kuma gaskiyarsa. Ya kwashe ta zuwa Gombe, wa zai ɗaga shi? Wa zai kai shi bayi? Ke, Yaya Kulu, da wannan gwiwar taki?"

Mama tana naɗe tabarma. Ba ta ɗago ba.

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ta ce.

"Ya riga ya zaɓa. Sumayya, ki gaya wa yaron ya yi haƙuri. Miji ba ya ƙarewa, uba ɗaya ne."

Na ce to. Ba wai na yarda ba ne. To ɗin ce ta fi kusa da bakina.

Da yamma Yaya Mustapha ya turo saƙon murya, ana jin ƙarar injina a bayansa.

"Auta, Gwaggo ta kira ni. Haba don Allah, ruwa ai rahama ne, wa ya taɓa zagin mutum da ruwa? Ku daina mai da ƙaramin abu babba. Ke ce kike fassara Baba, ki ce musu ya yarda kawai. Wa zai ƙaryata ki?"

Na saurara sau biyu. Gaskiya ya faɗa, ba mai ƙaryata ni. In na ce Baba ya amince, ya amince. In na ce ya ƙi, ya ƙi. Bakin mahaifina a hannuna yake, kamar makullin ɗaki. Wata a matsayina da ta yi murna. Ni sai na ji kamar an ɗora mini buhu a ka an ce in tsaya a nan.

Sai ga saƙon Hamza.

"Na isa gida."

Can kuma: "An taɓa ce mini jaki saboda aiki. Ruwa kam yau na fara ji."

Na san so yake in yi dariya. Na tura masa 'yar fuskar nan mai murmushi, fuskata ni kuwa ko motsi.

"Mai kyau ne ko marar kyau?"

Na rubuta "mai kyau". Na goge. Na rubuta "ka yi haƙuri". Na goge. Na tura masa "ban sani ba".

"To ke fa? Ke me kike so ya zama?"

Na bar shi da alamar na karanta, na kifa wayar a kan firji.

Masu karatu, kada ku ce ba na son Hamza. Na san ina sonsa kamar yadda na san ranar haihuwata, abu ne da ke rubuce, ba abin da nake ji ba. Tun da Baba ya faɗi wani abu ya kwanta a cikina ya ƙi tashi. Ranar da ƙawata Vicky ta haihu na je na ɗauki jaririn, na faɗi duk abin da ake faɗa, na dawo gida kamar daga kasuwa nake. Abinci ma sai na ga kwano ya koma wayam nake sanin na ci.

Makon ya wuce yadda kowane mako ke wucewa. In ɗaga Baba, in wanke shi, in shafa masa mai a ƙafa, in motsa masa yatsu yadda aka koya mini a asibiti. Koko da safe, tsakuwa bayan koko. Na gwada tambayarsa. "Baba, marka mai kyau ko marar kyau?" Sai ya kalle ni kamar na tambaye shi ko wuta na da zafi, ya juya kai. Gwaggo na kira kullum ta ji ko na sallami yaron. Mama kuwa ta rage magana, ko ido ba ta son mu haɗa. Ranar Juma'a Hamza bai shigo ba, a bakin ƙofa ya miƙa wa Mama leda. Ya turo mini cewa zai zo Lahadi bayan la'asar, don kawunsa na jiran amsa.

Lahadin da rana Baba Yohanna ya zo. Abokin Baba ne tun masaƙa, mutumin Filato, a Narayi yake zaune. In ya taso daga coci yakan biyo da kwat ɗinsa mai faɗin kafaɗa, ya zauna kusa da Baba ya yi ta ba shi labarin mutanen da suka yi aiki tare, wa ya mutu, wa ya aurar da jika. Ranar ya zo da kular gwaten acca da matarsa ta aiko. Da zai tafi na raka shi zaure.

"Baba Yohanna, in tambaye ka. In Baba ya ce mutum ruwan marka ne, yabo ne ko zagi?"

Ya tsaya yana gyara hularsa.

"Marka? Kai, Mamman ya tsani marka lokacin da muke zuwa aiki a keke. Ya isa a jiƙe, ya wuni yana masifa. Amma kuma shi ne mai cewa masarar da ba ta sha marka ba abincin akuya ce. Wa ya ce wa haka?"

Na gaya masa. Sai ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya yi wata 'yar dariya.

"'Yata, wannan ba maganar masaƙa ba ce, ta gida ce. Na taɓa jin ta ranar ɗaurin aurensa, 'yan uwan amarya na tsokanarsa da ita. Ba ni zan gaya miki ba. Uwarki na nan."

"Mama ta ce ba ta sani ba."

"Ta ce miki haka?"

Na tuna. Ba ta ce ba. Ba ta ce komai ba.

Na same ta a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana tsinkar zogale a tire. Na ja wata kujerar na zauna, na ɗauki reshe ɗaya.

"Mama, wa aka taɓa ce wa ruwan marka?"

Hannunta ya tsaya.

"Yohanna ne ko?"

"Cewa ya yi in tambaye ki."

Ta ajiye reshen, ta share hannu a zaninta.

"Lokacin da babanku ya zo nemana a Zariya, mahaifina ya ce ba zai ba lebura 'yarsa ba. Ya faɗa masa a gaban mutane. Babanku bai yi musu ba, bai turo kowa roƙo ba. Duk ranar hutunsa sai ya hau mota daga Kaduna, ya zo ya gaishe shi, ya zauna a ƙofar gida, in an yi la'asar ya tashi ya koma. Haka, haka, har mutanen unguwa suka saba da shi. Rannan kakata ta kira mahaifina ta ce, kai, yaron nan ruwan marka ne. Ba tsawa, ba iska, amma ba ya ɗaukewa. In ba ka buɗe masa ƙofa ba, ta katanga zai shigo. Irinsu ake ba mace, don ba sa tafiya."

Ta ɗan yi murmushi, ba da ni ba.

"Har muka haifi Mustapha 'yan gidanmu Na-marka suke ce masa."

Na ci gaba da tsinkar zogalen. Na ga yatsuna na aiki, ganye na zuba a tire.

"Kin sani tun ranar Asabar."

"Na sani tun kafin ya rufe baki."

"Gwaggo na ta magana kina ji."

"Ina ji."

"Me ya sa, Mama?"

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, wataƙila da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi maganar, tana kallon ƙofar ɗakinsa.

"In kin tafi Gombe, wa zai gaya mini abin da yake cewa? Ɗagawa ba ta dame ni ba, Mustapha ya ce zai samo mai zuwa ya taimaka. Maganar ce. Na tsufa da mutumin nan, da ko tari ya yi na san abin da yake so. Yau in ya buɗe baki sai na nemi 'yata ta yi mini tafinta. Rannan ce mini ya yi in ba shi dare. Na tsaya kamar wawiya, na rufe taga, na ja labule, yana ta buga kujera. Kina shigowa kika miƙa masa bargo. Ko tunani ba ki yi ba." Ta ja numfashi. "Wannan ɗaya ce tak na riga ki ganewa, Auta. Ita ce kuma na ɓoye."

Na jira haushi ya zo. Na jira tausayi. Na zauna ina jira kamar mai jiran mota a tasha, ba wadda ta tsaya. Abin da na iya cewa shi ne, "Lokacin kununsa ya yi."

Na dama kunun, na kai masa. Yana zaune inda na bar shi, fanka na kaɗa gefen jallabiyarsa. Na ɗora masa tawul a ƙirji, na fara ba shi. Ya sha kaɗan ya kau da kai.

"Baba, Mama ta gaya mini. Na-marka."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ya kaɗa hannu, irin na an wuce wannan. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Fitila."

Na waiwaya. "In kunna fitila? Ai da sauran rana."

Ya buga hannun kujera. "A'a. Ke. Ke fitila." Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Da rana. An kunna... an manta. Tana ci. Mai yana tafiya." Ya tsaya yana haki. "Yana tafiya. Ba wanda..."

Sauran ta ƙi fitowa. Ya riƙe wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya matse, idonsa ya kawo ruwa don takaicin kalmar da ta gudu.

Wannan karon ban tambayi wane ɓangare ba. Ban yi tunanin darasi ba. Maganar ta shige ni kai tsaye. Ashe duk watannin nan da nake wanke shi ina juya shi, shi ma kallona yake yi. Ya ga wuyan, ya ga kwanon da nake turewa, ya ga wayar da nake kifawa.

Kun san in mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa har ta mutu, in ya miƙe jini ya fara dawowa? Ba daɗi ake fara ji ba, zafi ake ji kamar ana soka allurai. Haka na ji a ƙirjina. Kaɗan ne, amma ya isa na ajiye kofin don kada ya zube.

"Na ji, Baba," na ce.

Ya sake ni. Ya nuna ƙofa da haɓa.

Ana idar da la'asar na ji tsayuwar babur. Ban canza kaya ba. Doguwar rigar gida ce a jikina, da ɗigon kunu a gaba, na zura hijabin sallata na fita. Hamza na tsaye a zaure, yau ba shadda, rigar aikinsa ce mai tambarin kamfani. Bai zauna a benci ba. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki.

"Sumayya," ya ce, "ni ba malamin Hausa ba ne. Mako guda ina tambayar mutane ma'anar marka, kowa da abin da yake gaya mini. Mai shayin layinmu ma ya ce wai ina da sanyin hali. Na gaji. Ki gaya mini a miƙe, ba kamar, ba tamkar. In je in ce wa Kawu me?"

"Baba ya yarda."

Ya sauke numfashi, amma bai yi murmushi ba.

"Na ji na Baba. Ke fa?"

Na kalli takalmansa, duk jar ƙasar Makera. Na nemi wata magana mai ado da zan ɓuya a bayanta, irin wadda na iya. Ban samu ba.

"Tsoro nake ji," na ce. "Na daɗe ban ji komai ba, yau na ji, kuma tsoro ne. Ban san ko na iya zama matar wani ba. Ban san yadda gidan nan zai kasance ba. Gwaggo ma ba ta sani ba tukuna, in ta ji sai unguwar nan ta ji. Amma ka ce wa Kawu ya zo."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai muryar Mama ta taso daga cikin gida.

"Auta! Auta, zo ki ji. Yana magana, ban gane ba."

Ƙafata ta riga ta juya da kanta. Hamza ya matsa gefe, kamar yadda ya saba, yana jiran in wuce in bar shi a tsaye. Na ji takun silifas ɗin Mama tana jan ƙafa zuwa zaure.

Na dafa bango.

"Mama," na ɗaga murya, "ki ce ya sake faɗa. Yana maimaitawa in an jira shi. Ki duba inda idonsa yake kallo."

Takun ya tsaya. Na ƙirga numfashina. Can sai na ji silifas ɗin sun juya, suna komawa a hankali. Labulen ɗakin ya motsa, kujera ta yi ƙara.

"Malam," na ji ta ce, da wata murya da na daɗe ban ji ta yi masa ba. "Ni ce. Sake faɗa mini. Ba sauri nake ba."